Lisans Biyu na Habsa Inoussa

An haifi Habsa a Djougou, a gidan Alhaji Inoussa mai sayen kashu da kaɗanya daga ƙauyuka yana turawa kudu. Kakanninsa fatake ne da suka sauke kaya a garin tun zamanin cinikin goro, ba su sake ɗauka ba. Alhaji yana jin Hausa da Dendi da ɗan Yom na ciniki, yana karatun Alƙur'ani ba gargada, amma Faransancinsa bai wuce abin da ake faɗa wa ɗan sanda a kan hanya ba. Mutum ne mai gaskiya a awo, sai dai yana da saurin yanke hukunci, kuma idan ya yanke ba ya son a dawo masa da maganar. Gaskiyarsa ta jawo masa daraja a kasuwa. Saurin hukuncinsa ya kusa raba shi da 'yarsa.

Tun tana ƙarama Habsa ta fi sa'o'inta a lissafi. Da ta gama makarantar sakandare, Alhaji ya tura ta Parakou, wurin ƙanwarsa Gwaggo Tsahara mai sayar da atamfa a unguwar Ganou, don ta ci gaba da karatu. Ta zaɓi ilimin ƙididdiga, wato ilimin da ke tattara alƙaluma masu yawa ya fito da abin da suke nunawa. A ƙasarmu digiri na farko lisans ake ce masa. Ranar da Habsa ta samu nata, Alhaji ya yanka rago, ya bi rumfunan abokansa ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "'Yata ta samu lisans." Bai san mene ne ƙididdiga ba, bai kuma yi da'awar ya sani ba. Kalmar kawai ya riƙe, ya riƙe ta da ƙarfi.

Ba da daɗewa ba ta samu aiki a wani ofishin bincike a unguwar Ladjifarani, cikin Parakou. Mai ofishin sunansa Zulkifli, ana ce masa Mushe Zulkifli kamar yadda ake kiran masu boko a nan. Hanyar samunsa biyu ce. Ta farko, ƙungiyoyin raya karkara sukan ba shi aikin auna amfanin ayyukansu. Ta biyu, ɗalibai masu rubutun ƙarshen karatu sukan yi layi a ƙofarsa don a sarrafa musu alƙalumansu. Abin da ya tara masa wannan jama'a ba fikirarsa ba ce. Wata manhajar ƙididdiga ce ta ƙasar waje mai tsada, wadda ba ta buɗewa sai an sayi izinin amfani da ita, kuma izinin yana ƙarewa duk shekara. Zulkifli ne ya sayi izinin, shi ke sa kwamfutar da ya ga dama a ciki, shi ke cire ta.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura, domin duk abin da ya biyo baya a kan wannan ya rataya. Wannan izini na manhaja, a Faransanci, shi ma lisans ake ce masa. Kalma ɗaya ce, furuci ɗaya, rubutu ɗaya. Wanda ya yi boko yana rarrabewa ba tare da ya yi tunani ba. Wanda bai yi ba, lisans ɗaya ya sani.

Saɓani ya taso ne a kan wani bincike na gonakin kashu a yankin Djougou. Wata ƙungiya ta raba wa manoma sabon iri, tana son ta san ko ya yi amfani. Habsa ta gama lissafi, Zulkifli ya duba, ya tsuke fuska.

"Madmazel, waɗannan ƙauyukan na bayan gari, ki fitar da su."

"Me suka yi, Mushe?"

"Suna ɓata mana sakamako."

"Gonakinsu ne ba su yi ba. Abin da aka aike mu mu gano ke nan."

"Ni aka aika. Ke kuwa ni na aike ki."

Ta ce ba za ta fitar ba. Ya ce to ta fita ita. Kafin ta isa Ganou ya cire kwamfutarta daga izinin manhajar. Ta haɗa kayanta ta tafi Djougou don ta huta a gida, ta ce wa iyayenta aikin ne ya ƙare, domin ba ta so ta ɗaga musu hankali.

Da abin ya tsaya nan, da ba sai an rubuta shi ba, korar ma'aikaci ba sabon abu ba ne. Amma Zulkifli ya ji tsoron kada ta yi magana a garin da manoman suke, sai ya ga gara ya riga ta. Ya zo Djougou a kan aikinsa, ya ratsa ta rumfar Alhaji bayan la'asar, lokacin da dattawa suke zaune. Aka gaisa, aka ba shi tabarma. Alhaji ya ce, "Ɗana, yaya na ga Habsa zaune a gida?"

Zulkifli ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi. "Wallahi Alhaji, ban so a ji daga bakina ba. Lisans ɗinta ne aka janye. Ba shi da sauran amfani."

Ya kurɓi shayinsa, ya yi sallama, ya tafi.

A bincika wannan magana da kyau. Babu kalma ɗaya a cikinta da za a kama shi da ita a gaban alƙali, domin hakika an janye wani lisans, kuma shi ya janye. Amma ƙarya ba a jerin kalmomi take ba, tana a abin da mai magana ya yi nufin ya dasa a zuciyar mai saurare. Zulkifli ya san wanda yake yi wa magana, ya san lisans ɗin da Alhaji ya yanka wa rago. Mai shara ƙarya kai tsaye yana ɗaukar kasadar a tona shi. Wanda ya yi ƙarya da kalmomin gaskiya ya tanadi mafaka tun kafin ya buɗe baki, saboda haka laifinsa ya fi muni, domin akwai shiri a ciki.

Alhaji ya shiga gida ya kira 'yarsa. Ta yi ƙoƙarin yi masa bayani.

"Baba, ba na makaranta yake nufi ba. Na na'ura ne."

"Lisans nawa ne a duniya?"

"Iri biyu ne, Baba."

"Da na yanka rago ba ki ce mini iri biyu ba ne. Yau da aka ƙwace ya haihu?"

Ta ɗauko takardar digirinta. Ya ce direba ma yakan riƙe takardar tuƙi a aljihu bayan an soke ta. Sai ta yi kuskuren da ya ƙarasa ta: ta ce bari ta kunna kwamfutar ya gani da idonsa. Alhaji ya aika a kira Awwalu, wani direban babbar mota ɗan Nijar da ke ɗaukar masa kaya, wanda ya taɓa lekol, wato makarantar boko, a ƙuruciyarsa. Habsa ta danna manhajar. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar fuskar kwamfutar. Awwalu ya matso, ya bi rubutun da yatsa.

"Votre licence a expiré."

"Da Hausa," in ji Alhaji.

Awwalu ya dubi Habsa, ya dubi ƙasa. "Alhaji, cewa ya yi lisans ɗinki ya mutu."

"To. Mutum ya faɗa, ƙarfe ya faɗa. Saura wa?"

Magana ta fita kasuwa, kuma kasuwa ba ta mayar da magana yadda ta karɓe ta. Kafin mako ya zagayo an ce an kama 'yar Alhaji Inoussa da satar jarrabawa. Wasu suka ce sayen takardar aka yi. Alhaji ya daina zama a rumfa bayan la'asar. A gida idan Habsa ta gaishe shi yakan amsa da "lafiya" ɗaya, bai ƙara kiran sunanta ba. Ta roƙe shi su je Parakou ya ji daga bakin malamanta, ya ce ba zai hau mota ya je neman ƙarin kunya ba. Daga nan ta fahimci cewa shaida ɗaya kaɗai mahaifinta zai karɓa, ta bakin da ya fara faɗa, a wurin da aka faɗa. Ta koma Parakou da wannan a ranta.

Gwaggo Tsahara ta saurari labarin tana ninke atamfa. "Mushe kuwa! Wanda ya raɗa masa ya iya suna. A Hausarmu mushe ba a ci, ja ake yi a kai bayan gari." Sannan ta kawo shawara irin ta kasuwa: akwai masu gyaran waya wajen Gare, tashar jirgin ƙasa, da ke saka wa mutane irin wannan manhaja ta bayan fage.

"A'a, Gwaggo. An ce na yi sata ban yi ba. Ba zan je in yi ta yanzu in gaskata su ba."

"To da me za ki yi aiki? Da tsintsiya?"

Habsa ta tuna da wata manhaja mai suna R, wadda aka taɓa nuna musu a makaranta ɗalibai suka guje ta, domin ba a danna hotuna a cikinta, umarni ake rubuta mata layi bayan layi. Kyauta ce, kuma halal ce, waɗanda suka ƙirƙire ta sun yarda kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya ba wani. Ta sauke ta a tsohuwar kwamfutarta ta fara koyo. Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Idan ta yi kuskure manhajar takan yi mata faɗa da Ingilishi, harshen da ba ta ƙware ba. Ta daɗe tana fama da nauyin buhunan kashu da ya ƙi lissafuwa, kafin ta gano cewa mu nan waƙafi muke sawa a tsakiyar lamba, ita kuwa manhajar ɗigo take jira, sai an gaya mata. Damina ta wuce tana kan wannan. Da kaka ta yi, hannunta ya faɗa.

Abin da ta gano a hankali ya wuce batun rashin biya. Manhajar ba ta ƙarewa, ba wanda zai zauna a wani ofishi ya rufe ta daga nesa. Da zarar an saka ta, tana aiki ko babu intanet, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Ana iya zuba ta a ɗan kile na aljihu, wato ƙaramar ma'ajiyar da ake jona wa kwamfuta, a saka wa mutum goma ko ɗari, ba a karya doka ba. Mafi girma a ganina shi ne umarnin da ake rubutawa yana zama a ajiye. Idan an samu sababbin alƙaluma sai a sake kunna shi, aikin ya maimaita kansa. Idan wani ya yi shakka sai a miƙa masa ya karanta abin da aka yi mataki mataki. Mai gaskiya yana samun hutu a irin wannan tsari, marar gaskiya kuwa yana takura.

Sai ta fara abin da ta dawo yi. Ta shimfiɗa tabarma a barandar Gwaggo, ta aika wa ɗalibai cewa duk mai alƙaluman da yake son sarrafawa ya zo da kwamfutarsa. Na farko da ya zo ya tambaya cikin ɗari-ɗari, "Nawa ne, Madmazel?"

"Ba ko sisi. Sharaɗi ɗaya: idan ka iya, ka saka wa na kusa da kai, ka koya masa."

Gwaggo ta jira har ɗalibin ya tafi. "Ke Habsa! A zuriyarmu ba a taɓa ba da kaya kyauta ba. Gyara ake yi, shi ma sai an saya."

"Ba kyauta ba ce, Gwaggo. Akwai mai biya."

"Wa?"

"Yana Ladjifarani."

Kada a yi wa wannan aiki fenti. Habsa ba sadaka ta yi niyya ba, ba ta kuma taɓa cewa sadaka ba ce. Ramuwa ce, tsararriya, mai haƙuri. Abin tambaya shi ne ko ta halatta, kuma amsar tana ga hanyar da aka bi. Ba ta yi wa Zulkifli ƙazafi ba, ba ta taɓa kayansa ba, ba ta ce wa kowa kada ya je wurinsa ba. Ta dai cire buƙatar da ke kai mutane ƙofarsa. Wanda arzikinsa ya dogara a kan cewa jama'a ba su san akwai wata ƙofa ba, ba shi da ƙara a kan wanda ya nuna musu ita.

Ɗalibai suka yi ta zuwa, waɗanda suka iya suka koya wa wasu, har ya zama ana samun mai R a kowane ɗakin haya na ɗalibai. Ƙananan ƙungiyoyi suka fara kawo wa Habsa aiki, domin tana ba da sakamako tare da umarnin da ya fitar da shi, da wannan take ci da kanta. A Ladjifarani kuwa bencin da ɗalibai ke jira a kai ya zama wurin barcin kyanwa. Da lokacin sabunta izini ya zo, Zulkifli ya kasa biya. Manhajarsa ta rufe, ayyukansa na shekaru suna ciki, an adana su a sigar da ita ce ke buɗewa. A daidai lokacin wata ƙungiya da ta rage masa ta nemi ya kawo tsofaffin alƙaluman wani bincike, in ba haka ba ta yanke hulɗa da shi. Ya gwada ta bayan fage daga Gare, ta zo masa da ƙwayar cuta ta kusa cinye kwamfutar. Sai wani ya gaya masa cewa R tana iya buɗe irin waɗannan fayiloli. Ya bi masu R ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya ba shi amsa iri ɗaya: "Mushe, wannan sai Malama Habsa."

Ya zo Ganou da hantsi, a kan zemijan, wato babur ɗin haya, kwamfuta a hammata. Gwaggo ce ta amsa sallamarsa.

"A'a! Manyan baƙi. Habsa, fito, wari ya iso."

Zulkifli ya yi kamar bai ji ba. Ya zauna a gefen tabarma, wurin da ɗalibai ke zama. "Madmazel, abin da ya wuce ya wuce. Ki faɗi abin da zan biya."

"Ba na sayarwa, Mushe. Kowa ya sani."

"To ki taimaka don Allah."

"Zan buɗe maka su duka, ba zan taɓa ko lamba ɗaya ba. Amma a Djougou zan buɗe, bayan ka zauna a rumfar Babana ka gaya wa dattawa wane lisans ka janye."

"Ai ban yi ƙarya ba. Abin da na faɗa..."

"To ba wuya ke nan. Gaskiya ce ka fara, je ka ƙarasa ta."

Ya tashi ya tafi cikin fushi. Ya dawo bayan ya ƙara zagaya gari bai samu mafita ba. Suka hau motar haya ɗaya zuwa Djougou, tana gaba kusa da direba, yana baya a matse tsakanin buhunan doya da wata mata mai kaji.

Gwaggo ta riga ta yi wa yayanta waya, ta ce ya tara mutanensa ko don ya huta da bakinta. Dattawa suka zauna. Zulkifli ya fara da Faransanci, Alhaji ya ɗaga hannu. "Da Hausa ka ɓata, da Hausa za ka gyara." Sai Zulkifli ya faɗa, muryarsa ƙasa ƙasa, cewa lisans iri biyu ne, na makaranta yana nan ba wanda ya taɓa shi, babu ma mai ikon taɓa shi. Wanda aka janye izinin na'ura ne, shi ya saya, shi ya janye.

"Lokacin da ka faɗa mini," in ji Alhaji, "ka san wanda zan ɗauka?"

Zulkifli ya kawar da kai. Wani dattijo ya ce, "Ana tambayarka, ɗan nan."

"Na sani."

Zulkifli ya yunƙura zai tashi, yana zaton an gama. Alhaji ya ɗauki sandarsa. "Zauna tukuna, a'a, tashi ma. Maganarka ba a rumfar nan ta kwana ba, kasuwa ta shiga. Mu je." Ya sa shi gaba, suka bi layin masu kashu, suka shiga na masu atamfa, suka gangara wurin mahauta. A kowace rumfa Alhaji yakan tsaya ya ce, "Wannan yana da saƙo." Inda ba a jin Hausa sosai ya sa shi ya maimaita da Dendi. Mata masu sayar da man kaɗe suka ce ba su ji da kyau ba, a sake. Aka sake.

Da suka dawo, Habsa ta cika alkawari. Ta zauna a zaure ta buɗe fayilolin, ta mayar da su sigar da kowace manhaja ke karantawa, ta miƙa masa kwamfutarsa. Wani daga cikin dattawan ya ce, tunda ya amsa laifi, sai ta yafe masa a wuce wurin. Ta ce, "Baba, buɗewa na yi alkawari, na buɗe. Yafiya ba ta cikin cinikin." Dattijon ya dubi Alhaji yana jiran ya tsawata mata. Alhaji ya ce, "Ta fi ni sanin abin da aka yi mata."

Bai ba ta haƙuri ba, irinsu ba sa ba 'ya'ya haƙuri da baki, kuma wannan aibi ne ko da al'ada ta rufe shi. Amma da aka kawo abinci ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce, "Habsa! Zo ki ci nan kusa da ni, ki yi mini bayanin wannan ƙididdigar tun daga farko."

Yau Habsa tana da ɗan ofishinta a Ganou, tana zuwa Djougou duk ƙarshen wata, har yanzu kuma tana saka wa duk wanda ya zo manhajar ba tare da ta karɓi komai ba. Ofishin Ladjifarani ya koma ɗaki ɗaya. An ce Zulkifli ya sauke R da kansa yana koyo a ɓoye, yana fama da waƙafi. Da labarin ya iso wa Habsa ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ta daɗe tana neman aibin manhajar ba ta samu ba sai ranar, wato ba ta da ƙofar da za a rufe wa kowa, har da shi.